Jarrabawa ta koma kwamfuta, ni kuwa ban taɓa zama gabanta ba

Assalamu alaikum, Malama. Ina ajin ƙarshe a sakandare, a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Jahun ta Jihar Jigawa, kuma burina in karanci aikin jinya. An ce mana jarrabawar WAEC da ta NECO za su koma kwamfuta kamar ta JAMB, ni kuwa ban taɓa zama gaban kwamfuta ba, domin makarantarmu ba ta da ita, ko wutar lantarki ma babu. Yayana ya zauna JAMB sau biyu bai samu gurbi ba, shi ya sa Baba ya ce sau ɗaya zai biya mini da kuɗin riɗin bana, in ban ci ba shi ke nan. Akwai wani mutum a gari da ya ce wa Baba in an ƙara masa kuɗi zai yi mini rajista a cibiyar da ake "taimaka" wa yara, wai in ba ta wannan hanya ba ɗan ƙauye ba ya cin jarrabawar kwamfuta. Tsoro ya hana ni karatu. Don Allah ki ba ni shawara.

'Yarki daga Jahun

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce tsoro ya hana ki karatu, domin wannan asarar ta riga ta fara, alhali kuwa abin da kike tsoron bai ma iso ba. Ki kwantar da hankalinki. A cikin duk abubuwan da ke gabanki, kwamfutar nan ita ce mafi sauƙi, kuma za ki iya sarrafa ta gwargwadon bukatar jarrabawa a cikin zama uku ko huɗu. Akwai abin da ya fi ta wuya wanda ba ki ambata ba, kuma can nake son ki kai ƙarfinki.

Bari mu fara rarrabe tsohon labari da sabo, domin a ƙauye magana takan iso a cakuɗe. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, kuma tun daga 2015 ta daina amfani da takarda gaba ɗaya. Ke nan sama da shekara goma ke nan 'ya'yan manoma daga Jahun da Kiyawa da Gwaram da Maigatari suke shiga wannan ɗaki suna fitowa, kuma daga cikinsu ne ake samun waɗanda suke karatu yau a Jami'ar Tarayya da ke Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Bayero a Kano. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata mutumin da ya ce ɗan ƙauye ba ya ci. Sabon abu shi ne na jarrabawar kammala sakandare. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje ta kwamfuta, inda tambayoyin zaɓi ake amsa su a kan na'ura, su kuma tambayoyin dogon bayani su fito a allo a rubuta amsarsu da hannu a takarda. A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta daga 2026, sannan a watan Nuwamban shekarar Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shirin har zuwa 2030, saboda makarantu irin taku da ba su da wuta ba su da na'ura. Tunda magana tana tsakanin manya, abin da ya rage gare ki shi ne ki je ofishin shugaban makarantarku da kanki ki tambaya ta wace hanya aka yi wa makarantarku rajista, sannan ki shirya wa hanyoyin biyu. JAMB dai babu tantama a kanta, kwamfuta ce.

To, me ake yi a gaban na'urar? Ba a neman ki iya buga wasiƙa, ba a neman ki san intanet. Za ki zauna, ki shigar da lambar rajistarki, sai tambaya ta fito a allo da amsoshi huɗu a ƙarƙashinta. In kin zaɓi amsa sai ki danna harafin A ko B ko C ko D. Harafin N yana kai ki tambaya ta gaba, P yana mayar da ke ta baya, S kuwa shi ne na miƙa aiki in kin gama. JAMB ta tsara haka ne da gangan don yaron da bai saba da linzamin kwamfuta ba ya iya gama jarrabawarsa ba tare da ya taɓa shi ba. In kin iya latsa lambobi a ƙaramar wayar Innarki, to kin yi rabin aikin. Harafi ɗaya nake so ki ji tsoronsa, wato S, kada yatsanki ya kusance shi sai kin bi darussa huɗun duka kin tabbatar ba ki tsallake ko ɗaya ba.

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata da ita ma ba ta da wuta, mun samu kwalin taliya muka shimfiɗa shi, na zana madannan kwamfuta a kansa da gawayi, kowane harafi a muhallinsa: A can gefen hagu a layin tsakiya, S da D na biye da shi, C da B da N a layin ƙasa, P kuma can sama ta dama. Ina karanta tambaya, yarinya tana ɗora yatsa a kan amsa, har hannunsu ya daina lalube. Ranar da muka samu mota muka kai su gari suka ga ta gaske, wata daga cikinsu ta juyo ta ce mini, "Malama, ashe dai kwalinmu ne." Ki yi irin wannan a gida, yayanki ya zana miki tunda shi ya gani da idonsa. Amma gani ya kori ji, don haka kada ki tsaya a kwali. Ki roƙi Baba ya bar yayanki ya raka ki Dutse ko cikin Jahun ranar kasuwa, ku shiga shagon da ake koyar da kwamfuta, ki biya kuɗin awa ɗaya ki zauna ki amsa tambayoyin gwaji, ki maimaita haka sau uku kafin ranar. Sannan in an zo rajista ki zaɓi yin jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske. A 2025 rajista da gwaji naira 8,700 ce, babu gwaji kuma 7,200. Wannan bambancin na 1,500 shi ne kuɗi mafi amfani da Baba zai kashe a kanki, domin ranar za ki ga layi, ki ga yadda ake ɗaukar yatsa, ki ji sanyin ɗakin, ki ga agogo yana tafiya a kusurwar allo, duk faɗuwar gabanki ta ƙare a ranar da ba a lissafa maki.

Yanzu ga abin da na ce ya fi kwamfuta wuya. Tambaya 180 ce a cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, maki kuma 400 gaba ɗaya. Ki raba da kanki ki gani, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. A cikin wannan ɗan lokaci za ki karanta tambaya da Turanci, ki fahimce ta, ki karanta amsoshi huɗu waɗanda biyu daga cikinsu sukan yi kama da juna, in akwai lissafi ki yi, sannan ki zaɓa. A nan ne yaranmu suke faɗuwa. Yarinya ta san aikin jini a jiki sarai, in ka tambaye ta da Hausa sai ta yi maka bayani har ka gamsu, amma tana karanta Turanci kalma bayan kalma tana bi da yatsa, kafin ta kai ƙarshen jimla ta manta farkonta. A sakamakon farko na 2025, cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, kuma da yawansu 'yan birni ne da suka tashi da waya a hannu. Da rashin sanin na'ura ne matsalar, da su sun wuce. Ki tambayi yayanki cikin ladabi, ba don gori ba, shin madannai ne suka gagare shi ko lokaci ne ya ƙare masa da sauran tambayoyi. Ina kyautata zaton na biyun zai ce miki.

Maganin wannan sai kullum, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga gobe, bayan sallar asuba kafin gida ya tashi a fara kiranki ɗiban ruwa da surfe, ki ware minti 30 na karatun Turanci zalla. Ki ɗauki shafi ɗaya daga kowane littafi, ko da na Bayoloji ne, ki duba agogo, ki karanta da ido ba tare da motsa leɓe ba, ki rufe littafin, ki faɗa wa kanki da Hausa abin da shafin ya ce. Kalmar da ta shige miki duhu ki rubuta ta a bayan littafinki ki nemi ma'anarta a makaranta. Makon farko za ki ji kamar ba kya motsi, amma in kin jure wata guda za ki ga shafin da yake cin minti 6 ya koma 4. Akwai kuma ɗan littafin labari da JAMB ke sanyawa a karanta, ana ciro tambayoyi daga cikinsa, ana kuma sauya shi lokaci zuwa lokaci. Wanda aka ba ki wajen rajista shi ne naki, kada ki dogara da wanda yayanki ya ajiye. Ki karanta shi sau biyu daga bango zuwa bango, domin makin da ke cikinsa na wanda ya karanta ne kawai, babu wata dabara.

Tunda jinya kike so, darussanki su ne Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. JAMB tana da manhajar kowane darasi, wadda ta jera batutuwan da za a yi tambaya a kansu, kuma kyauta ce a shafinta na intanet. Ki sa a buga miki ta darussanki uku a takarda, ki zauna da biro ki yi wa kowane batu alama: wanda aka koya muku kika gane, wanda aka koya ba ki gane ba, da wanda ba a taɓa koya muku ba sam. Na san halin makarantunmu na karkara, sau da yawa malamin Fiziks ɗan hidimar ƙasa ne da ya zo ya yi wata tara ya tafi, aka bar aji babu kowa. Wannan ba laifinki ba ne, amma jarrabawa ba za ta tambaye ki uzuri ba, don haka rukuni na ukun nan shi za ki kai wa duk malamin da kika samu, ko ma'aikacin asibitin garinku da ya yi kimiyya, ki ce ga abin da nake so a koya mini. Mutum ya fi saurin taimaka wa wanda ya zo da tambaya a rubuce. Littafin tambayoyin shekarun baya yana da amfani matuƙa, sai dai kada ki haddace amsoshinsa kamar karatun allo, domin wasu amsoshin da ake bugawa a bayansa kuskure ne, kuma tambaya takan dawo da sabuwar riga. Ki amsa 40 a cikin minti 25, ki duba inda kika faɗi, ki koma littafin darasi ki gano dalili. In kun kai ku uku ko huɗu masu wannan buri a ajinku, ku riƙa haɗuwa da la'asar a gidan ɗayanku, ɗaya na riƙe da agogo. A ɗakin jarrabawa kuma ki fara da darasin da kika fi ƙarfi a kai, tambayar da ta tsaya miki ki wuce ta ki dawo daga baya, kuma kafin lokaci ya cika kada ki bar ko ɗaya babu amsa.

Batun mutumin nan kuwa, ki gaya wa Baba, cikin girmamawa, cewa na ce kada ya ba shi ko kwabo. Na farko, abin da yake tallatawa haramun ne kuma laifi ne a dokar ƙasa, kuma yarinyar da za ta riƙe allura a kan jikin mutane ba ta fara tafiyarta da satar amsa. Na biyu, yawanci ma ba shi da abin da zai sayar. Ana ɗaukar hoton yatsun kowane ɗalibi wajen rajista a sake dubawa a ƙofar ɗaki, akwai kyamarori a cibiyoyin, kuma tambayar da ke allonki ba ita ce a allon na kusa da ke ba. Kowace shekara JAMB tana soke sakamakon waɗanda ta kama tana kuma rufe cibiyoyi, wani lokaci har da yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba, don kawai sun faɗa hannun irin waɗannan mutane. Shi mutumin in kin ci ya ce aikinsa ne, in kin faɗi ya ce na'ura ce ta samu matsala, riɗin Baba kuwa ya riga ya tafi. Ƙarin kuɗin da yake nema ya ishe ki kuɗin mota zuwa gari sau uku, da fitilar sola ta karatun dare, da littafin tambayoyi.

Ban ce na'ura ba ta samun matsala ba. A 2025 an samu tangarɗa a cibiyoyin Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa laifi, aka sake wa ɗalibai 379,997 jarrabawa. Abin da za ki ɗauka a nan shi ne, in allonki ya ɗauke ko ya daskare, kada ki fashe da kuka, kada kuma ki tashi ki fita. Ki ɗaga hannu nan take, ki sanar da mai kula da ɗaki, ki tabbatar an rubuta lambarki a cikin waɗanda abin ya shafa. Kunyar da aka hore mu da ita a gida ta magana a gaban baƙi, ki ajiye ta a ƙofa ranar nan.

Akwai inda 'yan karkara ke yin asara tun kafin su ga tambaya ko ɗaya, wato wajen rajista. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, kuma sunan da ke jikinta da ranar haihuwa su ne za su hau kan takardunki. Yau ɗin nan ki ɗauko takardar NIN ɗinki ki kwatanta da sunan da makaranta ta tura wa WAEC da NECO, harafi bayan harafi, domin a wurinmu an saba a rubuta sunan uba a wata takarda, na kaka ko na gari a wata, kuma wannan saɓanin kan hana mutum gurbi bayan ya ci. In akwai gyara, yanzu ne lokacinsa. Ana tura lambar NIN ta saƙon waya zuwa 55019 a samu lambar fara rajista, kuma layin da kika yi amfani da shi ya zama naki har ƙarshe, ta nan sakamako da sauran saƙonni za su zo. Kada ki yi da layin mai shago ko na maƙwabci, kuma kada a bar shi ya mutu don rashin amfani. Rajistar kanta a cibiyar da JAMB ta amince da ita ake yi, da ke a zaune, ki karanta duk abin da aka shigar kafin a tura. Dokar shekaru kuma ta tsaya a 16, bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a 2024 kan mayar da ita 18. Sai wani abu da ya shafe mu mata musamman: lalle. JAMB ta sha gargaɗi cewa lalle a kan yatsu yana hana na'ura gane zanen yatsa, kuma wadda na'ura ba ta gane ba ba ta shiga ɗaki. Ko bikin wa ake yi a gidanku, daga makonni kafin rajista har ki fito daga jarrabawa, yatsunki goma su zauna fari. Ranar kuma kada ki je da waya ko agogo ko na'urar lissafi, akwai ta lissafi a jikin allon. In cibiyarki tana da nisa, ki kwana a gidan dangi a garin.

Wajen zaɓen makaranta ki buɗe wa kanki ƙofa fiye da ɗaya. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi 150 ne ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi, amma wannan bakin ƙofa ne kawai, masu neman jinya a jami'a suna da yawa ƙwarai, kuma wanda ake ɗauka sai ya haura haka da nisa. Ki sa wa ranki 250, sannan ki haɗa da Kwalejin Koyon Aikin Jinya da ke Birnin Kudu a cikin tunaninki, kada ki rataya komai a kan jami'a ɗaya. Kada kuma zafin JAMB ya mantar da ke cewa ko nawa kika ci, ba ki da gurbi sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Sassaucin da kika ji an yi kan Lissafi na masu karatun adabi da makamantansu ne, bai shafi 'yan kimiyya ba. Bayan sakamako ya fito akwai sauran aiki: a ɗora sakamakon sakandarenki a shafin JAMB, ki bi sanarwar tantancewa ta makarantar da kika zaɓa, ki riƙa dubawa ko an ba ki gurbi, domin sai kin amsa cewa kin karɓa yake zama naki. Yara da dama sun ci, suka koma gona suna jiran a aiko musu, har lokaci ya wuce.

Game da maganar Baba ta sau ɗaya, kada ki ɗauke ta a matsayin ƙiyayya. Mutumin da ya yi noma ya yi girbi ya kakkaɓe riɗi da hannunsa, ya ga kuɗinsa ya tafi sau biyu babu sakamako, yana da hujjar yin taka-tsantsan. Kada ki yi masa gardama a kan karo na biyu tun ba a yi na farko ba. Ki samu lokacin da ya huta bayan isha'i, ki sa Inna ta zauna tare da ku, ki kawo masa takardar manhajar nan da alamominki a jiki, ki nuna masa abin da kika sani da abin da ya rage, ki faɗa masa kuɗin da ake bukata na gaskiya da abin da kowanne zai yi. Ki roƙi Inna ta sauƙaƙa miki aikin safe na waɗannan watanni, ƙannenki su karɓi ɗiban ruwa. Uba in ya ga fitila a kunne a ɗakin 'yarsa kullum da asuba, shi da kansa yakan sake lissafi.

In kin yi jarrabawar gwajin, ki sake rubuto mini da makin kowane darasi daban, da yawan tambayoyin da lokaci bai bar ki kin kai gare su ba, sai mu duba inda za ki ƙara ƙarfi a makonnin da suka rage. Ki gaida Baba da Inna, ki kuma gaida yayanki, ki ce masa shi ma ƙofar ba ta rufe ba in yana da niyyar sake zama. Allah Ya ba ki sa'a, Ya yi miki albarka.